Tambayi Likita: aikin ƙona jijiyoyin da ke rikita bugun zuciya

Tambaya: Likita, an ce za a yi wa mahaifina aikin ablashan saboda bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai. Tsaga ƙirji za a yi?

A'a ɗan'uwa, ba tsagawa. Siririn bututu ake zurawa ta jijiyar matsematsin cinya a bi da shi har cikin zuciya, idan cutar karkarwar ɗakunan sama na zuciya ce, sai a ƙona ɗan wuri a zagaye bakin jijiyoyi huɗun nan da ke kawo jini daga huhu. Tun 1998 likitoci a Bordo ta Faransa suka gano cewa galibi daga nan wutar lantarkin da ke rikita bugun take tasowa.

Tambaya: Wanne ya fi, na zafi ko na sanyi?

Duk suna aiki, wato ƙona wurin da zafi ko daskarar da shi da sanyi, akwai ma sabo na bugun lantarki. Bar wa likitanki ya zaɓi wanda hannunsa ya saba da shi.

Tambaya: Wata biyu kenan da aka min aikin, zuciyata ta koma daidai, sai na ajiye maganin tsinka jini na warfarin na koma asfirin da wani haɗin ganye da na gani ana tallatawa a intanet. Ba laifi ko?

Akwai laifi Malam, babba ma, kuma wallahi wannan tambayar ta tayar min da hankali. Wa ya ce ka daina? Matsalar cutar nan ba faɗuwar gaba kawai ba ce, idan ɗakunan sama na zuciya suna karkarwa maimakon su matsa sosai jini yakan kwanta a wata 'yar aljihu ta ɓangaren hagu ya daskare, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, sai ka ga mutum yana cikin magana baki ya karkace hannu ya saki. Mai cutar nan haɗarin shanyewar ɓarin jikinsa ya kai kusan ninki 5. Kuma bugun yana iya dawowa kana barci ba ka ji ba, musamman watanni 3 na farko da wurin ke warkewa. Asfirin ba ya maye gurbin maganin tsinka jini, ganyen nan kuma ba ka san me ke ciki ba, wasu suna karo da warfarin su jawo zubar jini. Ko za a daina maganin, likita ne zai duba shekarunka, hawan jini, ciwon suga, sannan ya yanke. Don Allah ka koma asibiti yau, kar ka ce sai gobe.

Tambaya: Mene ne alamar haɗari bayan aikin?

Zazzaɓi, ciwon ƙirji, wahalar haɗiya ko da bayan sati 2 ko 3 ne, kumburi ko jini a cinya, harshe ya yi nauyi. Ko ɗaya kika gani Hajiya, asibiti nan take, ki faɗa musu an yi miki ablashan.