Charles Aznavour: shi kaɗai ya rubuta waƙoƙinsa, kuma da me ya ci abinci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Nakan ji waƙoƙin Charles Aznavour a rediyo a nan Damagaram. An ce ya bar waƙoƙi sama da dubu, an kuma ce da farko Faransawa sun raina muryarsa. Shi kaɗai ya yi su duka? Kuma da me ya riƙe kansa kafin a karɓe shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba shi kaɗai ba ne, kuma alƙalami ne ya ciyar da shi shekaru da dama kafin murya ta fara kawo masa kuɗi.

Sai an san yadda sana'ar take a Faransa kafin a gane wannan. Kowace waƙa tana da masu haƙƙi uku: wanda ya rubuta baitoci, wanda ya ɗora musu kiɗa, da kamfanin da ya wallafa ta. Ƙungiyar SACEM, wadda aka kafa a 1851, ita ke karɓar kuɗi daga gidajen rediyo da talabijin da zaurukan wasa, ta raba kashi uku daidai tsakaninsu. A kuɗin buga faifai kuwa, bisa al'ada mawallafi ke ɗaukar rabi, sauran biyun su raba rabi. Wanda ya rera kawai ba shi da ko sisi a wannan rabon. Nasa yana fitowa daga kamfanin faifai da kuɗin ƙofa. Inda sababbin shiga ke faɗuwa shi ne ƙin yi wa waƙa rajista da wuri, ko sa hannu a takardar mawallafi ba a karanta ba. Waƙa ta yi tashe, kuɗi ya bi ta wata hanya.

An haifi Aznavour a Paris ranar 22 ga Mayu 1924, iyayensa Armeniyawa 'yan gudun hijira, kuma tun yana ɗan shekara tara ya hau dandali. A shekarun 1940 ya haɗa gwiwa da Pierre Roche, mai kaɗa piyano: Roche ya yi kiɗa, shi ya yi baitoci. A 1946 fitacciyar mawaƙiyar Faransa Édith Piaf ta lura da shi, ta jawo shi jikinta, ya yi shekaru yana mata direba da sakatare. Masu sharhi sun ce gajere ne, muryarsa kuma a dushe take. To, sai ya riƙa rubutawa wasu suna rerawa: Piaf, Juliette Gréco, da Gilbert Bécaud wanda suka yi aiki tare a farkon shekarun 1950. Duk lokacin da aka sa waƙar a rediyo, kasonsa na marubuci yana shigowa, ko da ba a san fuskarsa ba.

Ƙofa ta buɗe sosai a Disamba 1960 a zauren Alhambra na Paris, yana da shekara 36, da waƙar "Je m'voyais déjà", labarin mawaƙin da ya yi mafarkin ɗaukaka bai samu ba. A 1963 ya yi wasa a Carnegie Hall da ke New York.

Batun ko shi kaɗai ne, ga inda mutane ke kuskure. Ƙarfinsa a baitoci yake, yakan ɗauki mutum guda da damuwa guda ya ba da labarinsa cikin minti uku ko huɗu. Amma kiɗan waƙoƙinsa da yawa Georges Garvarentz ne ya tsara, mijin yayarsa Aïda. Wani lokacin ma abin ya juya: "La Bohème" ta 1965, wadda aka fi saninsa da ita, baitocin na Jacques Plante ne, kiɗan ne nasa. "She", da ta kai lamba ɗaya a Ingila a 1974, Herbert Kretzmer ya rubuta kalmominta na Turanci. Saboda haka adadin nan na dubu ya haɗa da waɗanda aka yi da wasu.

Abin da ya fi nuna wayonsa a ganinmu shi ne lokacin da shi da Gérard Davoust, a shekarun 1990, suka sayi kamfanin wallafa waƙoƙi na Raoul Breton, mai riƙe da waƙoƙin mawaƙin Faransa Charles Trenet. Da haka ya samu hannu a kason mawallafi na waƙoƙin kamfanin.

Bayan girgizar ƙasar Armeniya ta Disamba 1988 ya tara taimako mai yawa, a 2009 kuma ƙasar ta naɗa shi jakadanta a Suwizalan. Wasansa na ƙarshe a Osaka ta Japan ne a Satumba 2018, ya rasu ranar 1 ga Oktoba yana da shekara 94. Dokar Faransa tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, don haka magadansa za su ci gaba da karɓa har ƙarshen 2088. Wadda aka yi da wani kuwa, ana fara ƙirga mata ne daga rasuwar na ƙarshe a cikinsu.