An cire ƙarin, me ya sa kuma za a yi gashi?

Tambaya: Likita, an cire wa yayata ƙari a mamanta na hagu, an bar mata sauran maman. An ce sankarar ba ta bazu ba, amma sai an yi mata gashi na mako uku. Wata kuwa mako biyar aka yi mata. Ko an rage wa yayata ne?

Amsa: Ba a rage mata komai ba. Wuƙa tana ɗauke abin da ido ya gani ne; ƙwayoyin da suka maƙale a naman da aka bari, su gashi ke bi, wato hasken na'ura da ake haska wa wurin don ya kashe ƙwayoyin sankara. Yana rage yiwuwar dawowar ciwon da kusan rabi.

Mako biyar shi ne tsohon tsari: girei 50 (ma'aunin hasken ke nan) a zama 25. Gwaje-gwaje a Birtaniya sun nuna girei 40 a zama 15 na yin aiki ɗaya, fata ma ta fi samun sauƙi. A 2020 aka fitar da sakamakon na mako guda, girei 26 a zama biyar. Idan yayarki ba ta kai shekara 50 ba, ana iya ƙara mata zama biyar zuwa takwas a daidai gurbin ƙarin. Masu shekaru da ƙaramin ƙari kuwa, wani lokaci gurbin kaɗai ake gasawa.

Da yake hagu ne, zancen zuciya ya shigo, don tana kwance bayan haƙarƙari a wannan ɓangaren. Za a koya mata ta ja numfashi sosai ta riƙe na kamar daƙiƙa 20. Huhu ya cika, zuciya ta ja baya, sannan a saki hasken. Ta soma gwadawa a gida tun yanzu, a kwance, hannuwa sama da kai. Kafin zaman farko za a ɗauki hoton CT (hoton cikin jiki), a sa mata ɗige-ɗige a fata don saiti.

Sunan ne mai ban tsoro, amma babu wuta, ba ta jin komai, kuma ba ta fita da hasken a jikinta. Tana iya rungumar 'ya'yanta. Abin da zai zo shi ne kasala da canjin fata: ta yi duhu, ta yi ƙaiƙayi, ƙarƙashin mama ya iya saɓulewa saboda gumi da guga. Ya fi tsananta mako ɗaya zuwa biyu bayan an gama, kada ta ɗauka ciwon ne ya dawo. Ruwa mai ɗumi, sabulu marar ƙarfi, riga ta auduga sakwa-sakwa. Kada ta yi fashin zama saboda fata sai ta nuna wa masu gashin.