Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ake Gode Wa Masu Maganin Laimar Kwaɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na saurari laccar wata likita a Kanada kan yin amfani da laimar kwaɗi wajen maganin ciwon damuwa. Kafin ta shiga bayani, sai da ta gode wa malamanta 'yan ƙabilar Mazatek ta ƙasar Meziko, sannan ta ambaci al'ummar da aka gina jami'ar a kan ƙasarsu. Mene ne dalili, kuma wannan ba ganin ido ba ne kawai?
Wata ɗaliba daga Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Godiyar tana da tushe, domin ilimin ya fito ne daga hannun mutanen da aka ci moriyarsu aka yar da su. A shekarar 1955 wani ma'aikacin banki ɗan Amurka, Gordon Wasson, ya je garin Huautla da ke tsaunukan jihar Oaxaca a Meziko, inda wata mai magani 'yar ƙabilar Mazatek, Mariya Sabina, ta yarda ya shiga zaman jinyar da take yi da laimar kwaɗi da dare, cikin duhu, tana rera addu'o'i da harshenta. A 1957 ya wallafa labarin da hotuna a mujallar Life. Ya sakaya sunanta, amma ba a jima ba aka gano garin, baƙi masu neman maye suka yi ta kwarara, 'yan sanda suka biyo bayansu. Maƙwabta suka ɗora mata laifin tona asirin kakanni, aka ƙone mata gida, kuma ta rasu a 1985 cikin talauci. A 1958 kuwa masanin haɗa magunguna Albert Hofmann ya tace sinadarin silosibin daga irin wannan tsiro a kamfanin Sandoz na Suwizaland, sinadarin da Ostireliya ta bai wa wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin rubuta shi ga masu matsananciyar damuwa tun 2023. Ki lura cewa yana gusar da hankali, kuma dokar ƙasashe da yawa ta haramta shi.

Ambaton masu ƙasa ya yaɗu a Kanada bayan rahoton Hukumar Gaskiya da Sulhu na 2015, wanda ya bankaɗo yadda aka riƙa raba 'ya'yan mutanen asali da iyayensu ana kai su makarantun kwana.

A ganina likitar ta kyauta, amma shakkarki tana kan hanya, kuma 'yan gwagwarmayar waɗannan al'ummu da kansu suna cewa godiyar baki ba ta biyan bashi. Abin da suke nema shi ne a nemi izininsu kafin bincike, a ba su kaso cikin riba kamar yadda Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanada, yarjejeniyar da Meziko ta amince da ita amma Amurka ba ta ciki, sannan a mayar musu da ƙasa. Hakan yana yiwuwa, domin a 2021 gwamnatin jihar Queensland da ke Ostireliya ta mayar wa al'ummar Kuku Yalanji dajin Daintree.