Dalilin da ya sa 0.1 + 0.2 ba ya ba da 0.3 a Python

Ka ce ka rubuta 0.1 + 0.2 == 0.3 a Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, ya ba ka False, wato ba daidai suke ba, har kana tunanin ko kwamfutarka ce ta samu matsala. Lafiyarta ƙalau ɗan'uwa. Buga 0.1 + 0.2 kaɗai ka gani, 0.30000000000000004 zai fito maka, ko wani yaren kamar JavaScript ka koma abin da za ka tarar ke nan. Ita kwamfuta da 0 da 1 take ajiye lambobi, to 0.1 ba ya zama cif a wannan tsarin, kamar dai ka raba 1 gida 3 ka yi ta jera 0.3333 ba iyaka, dole a wani wuri a datse. Ka daina gwada irin waɗannan da ==, yi amfani da math.isclose, wanda ke duba ko lambobin biyu sun yi kusa sosai da juna.

Amma fa in kuɗi kake lissafawa wannan bai wadatar ba. Abokai na ta raha da abin nan, amma ranar da ya same ni ban ga abin dariya ba wallahi, na yi wa shagon yayana ƴar manhajar lissafin ciniki, jimilla ta ƙi dacewa da littafinsa da kobo 1 tak, na raba dare ina bin layi ɗaya-ɗaya ina sa print, umarnin nuna sakamako a allo, ko'ina ga wuta ana ta ɗaukewa. Tun daga nan a kobo nake ajiye kuɗi, naira 250 ta zama 25000, ko in ɗauki Decimal, wani kayan aikin Python da ke ajiye irin waɗannan lambobi cif, shi ma ka rubuta Decimal("0.1") da alamar zance, in ka cire ta matsalar za ta biyo ka ciki.