Lofen totuwa na Amurka, in ci bashi in fara irinsa?

Wani bawan Allah mai injin casar masara a wajen Saminaka ya turo min tambaya, ya ce duk kaka totuwa sai ta taru masa tsibi guda mata suna kwasa kyauta suna hura wuta, to ya ga bidiyon wani kamfani a Amurka da ke yin lofen shan taba da totuwa, wai gaskiya ne? Kuma in gaskiya ne ya ci bashi ya sayi inji ya fara?

To Alhaji gaskiya ne, kamfanin sunansa Missouri Meerschaum, yana wani ƙaramin gari Washington a jihar Missouri, ba Washington babban birnin ba. Wanda ya kafa shi Henry Tibbe ne, masassaƙi ɗan asalin Holan, kuma a 1869 ya fara. Abin da nake so ka lura da shi, mutumin nan bai ci bashi ya sayi inji don lofe ba, dama yana da injinsa na sassaƙa katako yana cin abinci da shi, wani manomi ne ya kawo masa totuwa ya ce ya gyara masa ita, ya yi, ya ƙara wasu ya ajiye a shago, da ya ga suna fita sai ya ƙara. Ka ga mai saye ne ya riga jari zuwa.

Sannan totuwa kai ka fi ni sani, wuta take ci, to yaya za ka zuba garwashi a cikin abin da ake girki da shi? Nan kuɗin yake. Tibbe ya gano dabarar shafe ta da wani haɗi irin filastar shafe bango ya toshe ramukan, in ta bushe a goge ta yi sumul, a 1878 ya samu takardar mallakar wannan fasaha daga gwamnati. Sunan ma dabarar talla ce, meerschaum wani farin dutse ne mara nauyi da ake haƙowa a Turkiyya ana lofen masu kuɗi da shi, sai suka ce nasu shi ne meerschaum ɗin Missouri, a 1907 ya zama sunan kamfanin. Daga baya Janar MacArthur na sojan Amurka ya yi ta fitowa a hotunan yaƙin duniya na biyu da lofensu a baki, talla kyauta.

Amma bidiyon bai gaya maka cewa wajen 1925 kamfanoni kusan goma sha biyu ne ke wannan sana'a a yankin ba, yau su kaɗai suka rage. Kuma ba totuwar bola suke tsinta ba wallahi, masara ta musamman suke nomawa mai ƙatuwar totuwa, don irin zamani ƙwaya ake nema a jikinsa totuwarsa siririya ce, sannan su ajiye ta wajen shekara biyu ta bushe kafin a taɓa ta. Shekara biyu kuɗinka na kwance a sito, wane mai bashi ne zai jira ka? Kai kuma injinka farfasa totuwar yake yi ma.

Balle kasuwa. Yaushe rabon da ka ga mutum da lofe a Saminaka ko Dawanau? Masu sha sun koma sigari tuntuni, ni kuma ko da akwai riba ba zan tura ka harkar taba ba, illarta ga lafiya ba ɓoyayya ba ce.

Don haka kar ka ci bashin nan. Totuwarka ka nemo mata wanda ke buƙatarta a kusa da kai, masu kiwo suna niƙa ta su gauraya da dusa, akwai kuma masu ƙona ta su yi curin gawayi. Ka ware buhu goma a kakar bana, ka niƙa a injin haya, ka kai wa masu turka biyu ko uku ka ji nawa za su biya, ka rubuta kuɗin niƙa da buhu da dako. Ka turo min lissafin mu duba tare, kuma matan da ke kwasa ɗin nan ka bar musu nasu kason.