Amsa ga 'yar'uwa a Jidda: kada ki bi dillalin nan

'Yar'uwa, kin rubuto cewa shekara 4 ke nan kina Jidda a ƙarƙashin iƙamar mijinki (wato takardar izinin zama a Saudiyya), yana dukanki, ya kulle fasfonki a akwati, kuma wani dillali a unguwar Karantina ya nemi riyal 3,000 domin ya ɓoye ki kafin ya fitar da ke ta tarhil, wato hanyar da hukuma ke mayar da baƙi marasa izinin zama ƙasashensu. Da kika kai kuka gida kuwa, Hajiya ta ce ki ƙara haƙuri.

Kada ki ba mutumin nan ko sisi. A yau ke mai iƙama ce da aka zalunta, amma ranar da kika shiga motarsa kin koma wadda ba a san inda take ba. Na ga yadda irin wannan taimako ke ƙarewa: wata baiwar Allah an kai ta aikatau gidan da ba ta san ko sunan unguwar ba, dillalin yana karɓe albashinta da sunan kuɗin hanya, daga bisani ta kwashe watanni a Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu, aka ɗauki hoton yatsunta, ta sauka Kano da leda ɗaya a hannu. Mijin kuwa ko tambayarsa ba a yi ba.

Takardar da ta fi fasfo amfani gare ki yanzu ita ce rahoton likita. Ki je asibiti tun tabon bai baje ba, ki faɗi gaskiyar abin da ya faru, kada ki ce faɗuwa kika yi a banɗaki. Tun 2013 Saudiyya ke da dokar kariya daga cin zarafi, wadda ta tanadi ɗauri da tara, kuma layin 1919 yana karɓar irin wannan ƙara dare da rana cikin sirri. Idan mijinki ya tasar miki da dare, 911 za ki kira. Fasfo kuma ba abin da za ki tsaya a dake ki saboda shi ba ne, domin ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda yana bayar da takardar tafiya ta gaggawa. Ki ajiye hoton iƙamarki da na takardar aure a wayar wata amintacciya.

Game da Hajiya, ina girmama ta, amma a nan ina bayanki. Haƙurin da ake nema daga wadda aka fasa wa leɓe, alhali ba wanda ya ɗaga waya ya tsawata wa mai dukan, ina zargin yana da nasaba da kuɗin da yake aikawa duk wata. Ki aika wa waliyyinki hoton raunin, domin abin da ido ya gani ya fi wuyar musantawa.

Kin kuma ambaci cewa ba kya barci, kuma gabanki yana faɗuwa da zarar kin ji ƙarar makulli a ƙofa. Wannan ba aljanu ba ne, firgici ne da duka ya bari a jiki, kuma yakan bi mace har bayan ta bar gidan. Ki ci gaba da addu'o'inki, sannan ki nemi likitan da ya rubuta rahoton ya tura ki wurin masanin halayyar ɗan'adam. Idan Larabcinki bai kai ba, ki tafi da mace mai fassara wadda ba ta da dangantaka da mijinki.