Amsa: Faɗaɗa tayar Camry ba tare da ta goga ba

Malam, ka ce Camry ɗinka na kan taya mai lamba 215/60 R16, kana son rim mai faɗi. Abu na farko, kada tsayin taya gaba ɗaya ya canja sosai. Taka ta yanzu milimita 664 ce, mai faɗi irin 235/45 R18 kuma 669, sun yi kusa, mitar gudu ba za ta ruɗe ka ba.

Inda mutane ke faɗawa shi ne lambar ET da ke bayan rim, wato ma'aunin yadda rim ke shigewa ciki ko fitowa waje. Idan ta yi ƙasa, taya ta leƙo waje ta ci bakin fenda. Idan ta yi sama, ta shige ciki ta taɓa shokoba. Rim mai faɗin inci 8, nemi ET 45 zuwa 50. Ramukan noti 5x114.3 ne, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3, ramin tsakiya milimita 60.1, in na sabon rim ɗin ya fi haka a sa zoben cike giɓi, in ba haka ba sitiyari zai yi rawa.

Kafin ka biya a sana'iyyar Jidda (unguwar makanikai da masu kayan mota), a ɗaura ɗaya a gaba, ka murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, mutum huɗu su shiga, a haura tudun kan titi. Kuma don Allah, zafin hanyar Madina ba wasa ba ne, zaɓi taya mai Temperature A, wato matakin jure zafi mafi girma da ake rubutawa a jikin taya.